DARASIN ƘUNGIYA: Yadda Ake Yanka Allon Nailan Mai Tauri a Wurin Aiki na Gida

Darasinmu na wannan karo ya shafi waɗanda ke gyara wa ƙungiya kayan aiki, watau masu kula da amalanke, da baro, da injin ɓarar masara na hannu, da sauran abubuwan da ke juyawa a kan sandar ƙarfe. Amma muna roƙo a karanta shi a gaban kowa a wurin taro, domin kuɗin da ake sayen kayan gyara na kowa ne.

Mun sani sau da yawa ƙaramin abu ne ke tsayar da babban aiki. Boris ɗaya ya fashe a ƙafar amalanke, sai taki ya kwana a gida alhali ruwa ya sauka. Mu da ke nan Kongo da Tudun Wada muna kusa da kasuwa, duk da haka ba kullum ake samun daidai girman da ake nema ba. Waɗanda ke noman rani a bakin Kubanni da Galma, da na ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, wahalarsu ta fi tamu. Saboda haka waɗansu ƙungiyoyi sukan sayi allon nailan mai kauri su ajiye, su riƙa yanka bushin da washa da matashin aksil da kansu. Dabara ce mai kyau. Amma allon yana da tsada, kuma wanda bai san halinsa ba yana iya lalatar da rabinsa a yini ɗaya, ko ya ji wa kansa ciwo.

1. MENE NE NAILAN MAI TAURI?

A ƙasarmu idan an ce nailan, mutane da yawa leda suke nufi. Ba ita muke magana ba. Ledar da ake zuba kaya wani irin roba ne dabam. Nailan na ainihi shi ne dangin abin da ake yin zaren komar masunta da shi, da gashin buroshin goge haƙora. Idan aka zuba shi ya daskare da kauri, sai ya zama allo ko sanda mai tauri, launinsa fari-fari kamar hauren giwa. Akwai kuma baƙi da shuɗi da rawaya.

Wani masani mai suna Wallace Carothers da abokan aikinsa ne suka fara haɗa shi a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1935. A 1938 kuma wani Bajamushe, Paul Schlack, ya haɗa wani irinsa. Shi ya sa har yau ake da manyan iri biyu, ana kiransu nailan 66 da nailan 6. A jikin kayan masana'anta a kan ga an rubuta PA6 ko PA66.

Abin da ya sa ake sonsa a injuna shi ne, yana da santsi, yana jure guga, ba ya tsatsa, kuma bakin mai da giris da fetur ba su cinsa. Nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin bakwai ne na ƙarfe mai girmansa. Famfon tuƙa-tuƙa irin Afridev, wanda aka tsara a Malawi da Kenya a shekarun 1980 kuma ake gani a ƙauyukanmu da yawa, ba boris na ƙarfe ke riƙe da hannunsa ba. Bushin na roba ne guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, na wajen kuwa nailan ne. An yi haka ne domin mutanen ƙauye su iya canja su da kansu.

2. KADA A SAYAR MANA DA WANI ABU

Wanda ƙungiya ta aika neman allo, ko a Sabon Gari nan Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya kamata ya san yadda zai bambanta nailan da sauran roba. Fararen alluna sun yi kama da juna a ido. Ga hanyoyi uku:

(a) Gwajin ruwa. A jefa ɗan guntu a kofin ruwa. Nailan yana nutsewa. Robar jarka da durom da allon yanka nama kuwa tana yawo a sama.

(b) Gwajin farce. Robar jarka tana da laushi kamar kyandir, farce yana iya yi mata zane. Nailan ba ya yarda da farce. Idan an jefa shi a siminti, ƙararsa tana fita ƙwal, kamar ƙashi.

(c) Gwajin wuta. A fere ɗan siririn sili kamar tsinken ashana, a riƙe da filaya, a kunna masa wuta a fili inda iska ke kaɗawa. Nailan yana ci da shuɗiyar wuta mai jan rawaya a baki, warinsa kamar na ƙonannen gashi. Robar jarka tana ɗiga, tana warin kyandir. Robar bututun ruwa irin PVC, wadda ita ma tana nutsewa a ruwa, tana mutuwa da zarar an janye ashana, hayaƙinta kuma yana yaji a hanci. Kada a kai hanci kusa, kada kuma a yi wannan gwaji a ɗaki.

3. HALAYE UKU DA TILAS MU SANI

Na farko, nailan yana narkewa da wuri. Ƙarfe sai zafi ya wuce digiri 1,400 yake narkewa. Nailan 6 kuwa wajen digiri 220 ne, nailan 66 wajen 260. Bayan haka, zafi ba ya ratsa shi. Ƙarfe ya fi shi watsa zafi fiye da sau 100. Idan ana yanka ƙarfe, zafin yana bin jikin ƙarfen ya watse. Idan ana yanka nailan, zafin yana taruwa wuri ɗaya, daidai bakin zarto. Nan da nan sai ya narke, ya cika haƙoran zarto, ya kuma sake haɗewa a bayan zarton kamar ba a yanka ba. Duk dokokin da za mu faɗa a ƙasa daga nan suka fito: abokin gāba shi ne zafi.

Na biyu, yana shan ruwa ya kumbura. A iska mai matsakaicin laima, nailan 6 yakan sha ruwa wajen kashi 3 cikin 100 na nauyinsa. Idan ya daɗe a cikin ruwa yakan sha har wajen kashi 9. Wannan ya shafe mu ƙwarai a Zariya. A watan Janairu hunturu yana busar da kome har leɓe ya tsage. A watan Agusta kuwa gishiri ma jiƙewa yake a kwano. Bushin da aka yanka daidai cif da rani, idan damina ta yi nisa yana iya kumbura ya kama aksil ya ƙi juyawa. Zafi ma yana buɗa shi, wajen sau 7 fiye da yadda yake buɗa ƙarfe.

Na uku, ba ya son kusurwa mai kaifi. Nailan yana da jimiri, guduma ba ta fasa shi da sauƙi. Amma idan an yi masa tsaga mai kaifi a ciki, daga nan yake fara darewa, musamman da hunturu sa'ad da ya bushe.

4. KAYAN AIKI

Ba sai da injin lantarki ba. Gaskiya ma, kayan hannu sun fi dacewa da wannan aiki, domin ba su da saurin da zai kawo zafi, kuma ba ruwansu da ɗauke wuta. Ga abin da ake bukata:

Zarton kafinta mai kaifi, mai haƙora 7 zuwa 10 a inci ɗaya, domin dogon yanka a allo mai kauri.
Zarton ƙarfe da sabon ruwa. Ana sayar da ruwansa mai haƙora 14, ko 18, ko 24, ko 32 a inci. A nemi 14 ko 18 domin allo mai kauri, 24 domin siriri.
Diril na hannu da ƙarafan huda masu kaifi.
Magagari mai manyan haƙora, da sanfefa, da wuƙa.
Rula, da sukwaya, da ƙusa mai tsini domin zane.
Benci mai ƙarfi da abin matse aiki. Idan babu, katako biyu da dogayen bolti biyu sun isa.
Kwanon ruwa da ɗan sabulu, da tsohon buroshi.
Gilashin kare ido.

A keɓe ruwan zarto ɗaya domin roba kaɗai, a ɗaura masa jan ƙyalle don a gane shi. Ruwan da ya taɓa cin ƙarfe ya riga ya dakushe. Dakusasshen zarto ba ya yanka nailan, gugarsa kawai yake yi, guga kuwa ita ce zafi.

Dokar zaɓen haƙora ita ce, a kowane lokaci haƙora uku a ƙalla su kasance cikin kaurin allon, amma kada su yi ƙanana har gari ya toshe su. Allo mai kauri, manyan haƙora. Allo siriri, ƙananan haƙora.

5. LISSAFI KAFIN YANKA

A nan ne kuɗin ƙungiya ke tsira ko ya salwanta. Zarto yana cin hanyarsa. Zarton kafinta yakan mai da wajen milimita 2 gari a kowane yanka.

Bari mu ɗauki misali. Ƙungiya ta sayi allo mai tsawon milimita 300, faɗi 300, kauri 20. Ana son a fitar da matasan aksil, kowane tsawon 100 faɗin 60. Mai gaggawa zai ce: 100 sau 3 ya zama 300, 60 sau 5 ya zama 300, ke nan guda 15. Amma ya manta da cin zarto. A tsawo akwai yanka biyu, watau milimita 4. A faɗi akwai yanka huɗu, watau milimita 8. Allon bai kai 304 ko 308 ba. Idan ya bi wannan lissafi, da ƙyar zai sami guda 8 cikakku, sauran su fito gajeru.

Mai haƙuri kuwa zai rage kowane gefe da milimita 2, ya mai da su 98 da 58. Sai 98 sau 3 da cin zarto 4 ya zama 298. Sai 58 sau 5 da cin zarto 8 ya zama 298. Ga guda 15 cif, aikinsu kuma ɗaya ne da na farko. Minti goma da fensir sun ceci guda bakwai.

Saboda haka a fara yanka siffar abin a kwali, a gwada ta a jikin amalanken ko injin, a tabbata ramukan sun hau daidai. Sa'an nan a jera kwalayen a kan allo. Fensir ba ya kama nailan sosai. A yi zane da tsinin ƙusa a hankali, ko a manna tef na takarda a yi zanen a kansa. A ja layi biyu, tsakaninsu milimita 2, zarto ya bi ta tsakiya.

6. YADDA AKE YANKAWA

Mataki na 1. A ɗaure allon sosai a benci, layin yanka ya fito kaɗan daga bakin benci. Nailan yana da santsi, ƙafa ko gwiwa ba za su riƙe shi ba. A sa guntun katako tsakanin allon da abin matsewa don kada ya yi masa tabo. Allo siriri, wanda bai kai milimita 3 ba, a sa shi tsakanin falankin katako biyu a yanka su gaba ɗaya, don kada ya yi rawa ya tsage.

Mataki na 2. A fara da jan zarto baya sau uku ko huɗu har ya yi wa kansa hanya. A kwantar da zarton kaɗan, kada a tsayar da shi cak.

Mataki na 3. A yi doguwar tafiya da zarto daga kai har gindi, kamar sau ɗaya a daƙiƙa. Kada a danna da ƙarfi, kada kuma a bar shi yana shafa kawai. Kowace turawa ta ci wani abu.

Mataki na 4. A dubi garin da ke zuba. Idan yana fitowa fari, warwatse, kamar ɓarzajjen rogo, aiki yana kyau. Idan ya fara dunƙulewa, ko yana jan zare, ko an ji warin ƙonannen gashi, a tsaya. A goge haƙoran da buroshi, a shafa ruwan sabulu a zarto da cikin tsagar, a jira kaɗan.

Mataki na 5. Idan yanka ya yi nisa, sau da yawa tsagar takan rufe ta matse zarto. A fere ɗan guntun katako mai bakin gatari, a cusa a bakin tsagar daga baya don ta zauna a buɗe.

Mataki na 6. Kusa da ƙarshe, wani ya tallafi ɓangaren da zai faɗi, a rage ƙarfi. Kada a karya ragowar da hannu. Waɗansu irin roba masu kama da gilashi ana yi musu zane da wuƙa a karya. Nailan ba haka yake ba. Zai lanƙwashe ne, ko ya tsage ta inda ba a so.

Idan siffar tana da kusurwa ta ciki, a fara huda rami a daidai kusurwar, sa'an nan zarto ya zo ya same shi daga gefe biyu. Kusurwar za ta zama mai zagaye, ba za ta dare ba. Idan da'ira ake so, kamar washa, a fara huda ramin tsakiya tun allon yana da girman riƙewa, a yanke kusurwoyi huɗu, a sake yanke takwas, a ƙarasa da magagari.

7. IDAN ZA A YI DA INJI

Waɗansu za su kai allon wurin kafinta ko mai walda. Babu laifi, amma a tsaya a wurin a faɗa masa abin da ake so.

Kada a yarda a yanka da faifan dutse na yankan ƙarfe. Ba shi da haƙora, guga yake yi da gudu mai tsanani. Zai narkar da allon, ya cinye fiye da abin da aka lissafa, ya kuma watsa narkakken nailan a fuska da hannu.

Kada a yanka da wuƙa mai zafi ko jan ƙarfe. Bakin zai ƙone ya yi rauni, hayaƙin kuma guba ne.

Zarton inji mai zagaye na kafinta yana yi, in dai haƙoransa na da kaifi. A tura allon ba tsayawa, domin inda aka dakata nan yake narkewa. A tura da sanda, ba da yatsu ba, kada kuma kowa ya tsaya daidai bayan faifan, gama idan tsagar ta matse, injin yana iya cilla allon baya. Ƙaramin zarton inji mai hawa da sauka kuwa, a sa masa ruwa mai manyan haƙora, a rage masa gudu.

Kada a zuba ruwa a kan injin lantarki don a sanyaya. Ruwan sabulu na kayan hannu ne kawai.

8. HUDA RAMI DA BARIN SARARI

Huda ta fi yanka haɗari. Nailan yakan cafke ƙarfen huda, allon ya juya ya bugi hannu. Tilas a ɗaure shi, a sa katako a ƙarƙashi. A fara da ƙaramin ƙarfe, kamar milimita 5, a riƙa ƙara girma kaɗan kaɗan. Bayan kowane ɗan zurfi a zaro ƙarfen a kakkaɓe. Idan ramin babba ne kuma babu ƙarfe mai girmansa, a huda ƙananan ramuka a jere a cikin da'irar, a cire tsakiyar, a gyara da magagari mai zagaye, a ƙarasa da sanfefa da aka naɗe a sanda.

Ramin nailan yakan fito ƙasa kaɗan da girman ƙarfen da ya huda shi, domin yana buɗewa ne sa'an nan ya koma. A bar shi ya huce kafin a gwada.

Ga maganar sarari. Mu ce aksil ɗin milimita 25 ne. Kada ramin ya zama 25 cif. A bar wajen rabin milimita. Wanda ba shi da ma'aunin da zai nuna wannan, ga dabara: kaurin fallen takardar littafin makaranta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. A naɗe aksil da takardar zagaye biyu. Idan matashin ya shiga a kan takardar ba tare da ya yage ta ba, sararin ya isa. Idan aikin da hunturu ake yinsa, ko abin zai riƙa shiga ruwa kamar amalanken fadama, a yi zagaye uku. Kada a ce za a jiƙa allon kwana ɗaya a huce takaici. Allo mai kauri yana ɗaukar makonni da yawa kafin ruwa ya ratsa shi.

Ramukan bolti kuwa, tsakiyarsu ta yi nisa da baki ninki biyu na kaurin boltin. A matashinmu mai tsawon 98, idan boltin milimita 8 ne, a auna 16 daga kowane ƙarshe. A sa faffaɗar washa ta ƙarfe a ƙarƙashin kan bolti da noti. A ɗaure daidai, kada a matse har nailan ya lotsa, domin yana janyewa a hankali daga inda aka matse shi. Bayan mako ɗaya da fara aiki a sake duba notin. Kada a dogara ga gam, yawancin gam na kasuwa ba ya kama nailan.

Daga ƙarshe a kankare kaifin bakin da wuƙa ko magagari. A goge tsatsar aksil da sanfefa har ya yi sumul, domin aksil mai kaushi zai cinye matashin cikin ɗan lokaci. A shafa giris kaɗan. Idan yashi ya shiga, a kwance a wanke, gama yashi yana nutsewa cikin nailan ya koma yana cin ƙarfen.

9. INDA YA DACE DA INDA BAI DACE BA

Ya dace da abin da ke juyawa a hankali: ƙafar baro da kura, ƙafar amalanken shanu mai matsakaicin kaya, ƙaramar ƙafar garmar shanu, injin ɓarar masara ko gyaɗa na hannu, gurgurar jan guga a rijiya, da washa iri iri.

Bai dace da abin da ke gudu ba: sandar injin niƙa, injin ban ruwa, ƙafar babur ko mota, ko tirelar da tarakta ke ja a kan titi. A can gudu zai kawo zafi, nailan ya narke, sandar ta kuɓuce, a yi hasarar inji ko ta rai. Waɗannan sai boris na ainihi. Araha ba ta ado.

Bushin famfon tuƙa-tuƙa ma kada a yanka da hannu. An zuba su ne a masana'anta da awo na musamman. A sayi nasu a ajiye tun kafin su lalace.

A nisanta nailan daga ruwan batir, domin yana cinsa. Farin nailan kuma rana tana tsofar da shi, saboda haka a ajiye allon a inuwa, a kwance a wuri mai lebur.

Ƙungiyar da ke son ƙera sabon abu, ba gyara kawai ba, ta tuna cewa Cibiyar Binciken Aikin Gona tana nan Samaru. An kafa ta a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma tana da sashen da ya daɗe yana aiki a kan kayan noma na shanu da injunan sussuka. Daga Kongo ba nisa ba ne. Tambaya ba ta zama ɓata.

10. KIYAYE LAFIYA

A sa gilashin ido duk lokacin huda ko aiki da inji. Kada a sa safar hannu ko babbar riga kusa da abin da ke juyawa.

Narkakken nailan yana manne wa fata ya ci gaba da ƙuna. Idan ya taɓa wani, a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a ɓamɓare abin da ya manne, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti.

Wurin aikinmu a zaure ne ko tsakar gida, inda yara da kaji da awaki ke wucewa. A shimfiɗa buhu a ƙarƙashin benci, a tattara garin da guntayen bayan aiki. Dabba idan ta haɗiye roba, ba ta narkewa a cikinta. Kada a zuba a murhu, kada a hura wuta da shi, kada a watsa a bola da za a kai gona. A tara a gwangwani mai murfi. Manyan guntaye kuwa a ajiye, za su zama washa wata rana.

11. TSARI A CIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu su koyi wannan aiki, babba ɗaya da matashi ɗaya, don kada sanin ya tafi da mutum ɗaya idan ya yi tafiya. Mata masu injin ɓarar gyaɗa su ma a ba su dama, aikin ba na ƙarfi ba ne, na natsuwa ne. Magatakarda ya rubuta kuɗin allo, da yawan abin da aka fitar, da wanda ya karɓa. A raba kuɗin allon da na ruwan zarto a kan yawan abin da ya fito, a ɗora kaɗan domin sayen na gaba. A adana kwalayen siffa a ambulan, a rubuta wa kowane sunan abin da aka yi shi dominsa. A yi gyaran a watan Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka.

Kafin a taɓa allon mai tsada, masu koyo su gwada hannunsu a kan tsohuwar jarkar man gyaɗa ko allon yanka nama da ya tsufa. Robarsu ta fi nailan saurin narkewa, wanda ya iya yanka su ba tare da sun narke ba ya kama hanya. Amma kada a taɓa jarka ko durom da aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa nailan ke narkewa a bakin zarto alhali ƙarfe ba ya yi?
2. Waɗanne alamu uku ne ke nuna cewa zafi ya yi yawa?
3. Bushin da aka yanka a Janairu, me zai iya samunsa a Agusta? Yaya za a hana?
4. Allo mai tsawon 400 da faɗin 200, guda nawa masu 98 da 48 zai bayar idan zarto na cin milimita 2?
5. A cikin kayan ƙungiyarmu, waɗanne ne suka dace da nailan, waɗanne ne tilas sai boris?

AIKIN WANNAN WATA

A fito da dukan amalanke da baro da injunan hannu na ƙungiya. A ɗaga kowace ƙafa a girgiza. A rubuta waɗanda ke rawa, a auna kaurin aksil ɗinsu, a yanka siffarsu a kwali. A kawo lissafin taro na gaba, sa'an nan a yanke shawarar girman allon da za a saya.